Long Vacation: Wasan da Ya Ba Matasan Japan Izinin Tsayawa

Wata mata ce ke gudu a titin Tokyo da rana tsaka, sanye da fararen kayan amarci na gargajiya, irin kimono mai nauyin nan da ake kira shiromuku. Kayan ba na gudu ba ne, an ɗinka su ne don amarya ta yi tafiyar hawainiya a gaban dangi. Haka take haki har ta haura benen wani tsohon gini, ta hau dukan ƙofa. Wanda ya buɗe mata wani saurayi ne da barci bai gama sakinsa ba, abokin hayar angonta. Shi ango ya kwashe kayansa, ya bar takarda, ya bi wata. Can wurin biki kuwa baƙi na zaune suna duba agogo.

Da wannan aka buɗe Long Vacation, wato Dogon Hutu, ranar Litinin 15 ga Afrilu, 1996, da ƙarfe tara na dare a tashar Fuji TV. Kashi 11 ne kacal, ya ƙare a ƙarshen watan Yuni. Kitagawa Eriko ce ta rubuta shi. Yamaguchi Tomoko ta fito a matsayin amaryar da aka gudu aka bari, Hayama Minami, 'yar shekara 31, mai tallan kayan sawa da kasuwarta ta fara ja baya. Kimura Takuya, wanda a lokacin yake cikin ƙungiyar mawaƙa ta SMAP, shi ne saurayin, Sena Hidetoshi, ɗan shekara 24, makaɗin fiyano. A yankin Kanto, inda Tokyo take, matsakaicin kason gidajen da suka kalli shirin ya kai 29.6 cikin ɗari, kashin ƙarshe kuma 36.7. Har magana ta yaɗu a lokacin cewa ranar Litinin da dare 'yan matan ofis ɓacewa suke yi daga titi. An kuma ba da labarin samari da suka fara zuwa koyon fiyano saboda Sena.

Duk inda aka gabatar da wannan wasa, cewa ake yi labarin soyayya ne na matasa masu fafutukar cimma burinsu. Na kalle shi sau biyu, kuma a ganina wannan bayani ya kauce wa abin da ke cikinsa. A mafi yawan makonnin nan goma sha ɗaya babu wanda ke fafutukar komai. Sena ya gama jami'ar koyon kiɗa, ya nemi ci gaba da karatu bai samu ba, ya koma koya wa yara fiyano a wata makarantar kiɗa don ya biya haya. Malaminsa na jami'a ya san yana da baiwa, amma yana ganin akwai bangon da ya gina tsakaninsa da masu sauraro. Akwai yarinyar da yake so, Ryoko, wadda ke bayansa a makaranta, amma baki ya ƙi buɗuwa. Minami kuwa aure ya watse, kuɗinta sun tafi, ɗakinta ta riga ta sallama, a wurin aiki kuma ƙananan yara ne ake kira gaban kyamara ita tana gefe. Mutum biyu ne da motarsu ta mace a hanya, kuma abin da wasan ya sa gaba shi ne yadda mutum zai rayu a bakin titin kafin mota ta tashi. A nan ƙarfinsa yake, a nan ma rauninsa yake.

Wanda bai san Japan ta 1996 ba zai yi mamakin yadda labarin mutum biyu da suka rasa abin yi ya tara wannan jama'a. Shekaru bakwai kafin nan ƙasar tana kan ganiyarta. A ranar ciniki ta ƙarshe ta 1989 ma'aunin kasuwar hannun jari na Nikkei ya kai 38,915. Farashin filaye a Tokyo ya wuce hankali, kamfanoni na rige-rigen ɗaukar ɗalibai tun ba su gama jarrabawa ba. A wannan shekarar ce tallar wani abin sha mai ƙara kuzari, Regain, ta cika gari da tambayar ko za ka iya yaƙi awa 24, ana nufin aiki. Wasannin da Fuji TV ke sakawa ranar Litinin da tara, lokacin da ake yi wa laƙabi da Getsuku, sun tashi ne cikin wannan yanayi: samari da 'yan mata masu kyau, ɗakuna masu faɗi da ba a san wa ke biyan hayarsu ba, gidajen cin abinci masu tsada, soyayya mai kusurwa uku ko huɗu. Tokyo Love Story na 1991 shi ne aka fi tunawa a wannan zubi, kuma jarumansa ma'aikatan kamfani ne masu albashi. Damuwarsu ita ce wa za su so. Abin da za su ci ba ya cikin lissafi.

Sai kumfar wannan wadata ta fashe. Kafin ƙarshen 1992 Nikkei ya sauko ƙasa da 15,000, kuma bai sake taka matsayinsa na 1989 ba sai a watan Fabrairun 2024. Bankuna suka wayi gari da basussukan da ba za a taɓa biya ba. A 1995 kuma masifu biyu suka zo a jere: girgizar ƙasar Kobe ranar 17 ga Janairu wadda ta kashe mutum fiye da 6,400, sai harin iskar guba ta sarin da ƙungiyar Aum Shinrikyo ta kai a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo ranar 20 ga Maris. Shekara guda bayan haka Minami ta fito da gudunta.

Abin da ya fi shafar matasa shi ne yadda kamfanonin Japan suka zaɓi tsuke bakin aljihu. Manyan kamfanonin ƙasar sun ginu ne kan alkawarin aiki har ritaya, albashi na ƙaruwa da yawan shekaru. Korar tsohon ma'aikaci abu ne mai wuya a doka, abin kunya kuma a al'ada. Saboda haka maimakon su rage na ciki, sai suka rufe ƙofa ga na waje. Ita kuwa ƙofar nan sau ɗaya take buɗuwa a rayuwar mutum. Tsarin shi ne kamfani ya ɗauki sababbin ma'aikata a dunƙule, kai tsaye daga makaranta, su fara aiki tare a farkon Afrilu. Ɗalibi yakan sa baƙar kwat ya yi ta zagayen ganawa tun yana ajin ƙarshe. In ya samu, ya shiga layi ke nan har tsufa. In shekararsa ta wuce bai samu ba, baɗi ba a kallonsa a matsayin sabon ɗan makaranta, ƙannensa ne a gaba. Daga 1993 zuwa 2005 guraben aiki ba su kai yawan masu nema ba, kuma mutanen Japan da kansu suka raɗa wa wannan lokaci suna shushoku hyogaki, wato zamanin da neman aiki ya daskare kamar ƙanƙara. Waɗanda ƙofar ta rufe a fuskarsu suka koma aikin wucin gadi a kantuna da gidajen abinci, ana kiransu furita. Kalmar ta samo asali ne a shekarun wadata, lokacin tana nufin matashin da ya zaɓi 'yanci a kan ofis. Cikin 'yan shekaru ta koma sunan wanda bai da zaɓi.

Sena ba ɗan kamfani ba ne, amma duk wanda ya gama makaranta a waɗannan shekaru ya gane shi. Ya yi abin da aka ce ya yi, ya iya abin da ya koya, kuma babu inda za a sa shi. Mu ma mun san wannan zama, na wanda ya gama bautar ƙasa ya dawo ɗakin ƙuruciyarsa da takardu a leda, ana gaishe shi da "ya ake ciki?" yana amsawa da "ana nan ana fama". Bambancin shi ne a wurinmu wannan hali ya daɗe har an saba da shi, akwai kuma kasuwa da sana'ar hannu da dangi da ke ɗan rufa asiri. A Japan ta 1996 sabon abu ne, iyayen yaran ba su taɓa ganinsa ba, don haka laifin kan yaran aka ɗora. Aka ce sun lalace, ba su da juriya irin ta mutan da.

Matsalar Minami wata ce daban, kuma ita ta fi taɓa ni. A wancan zamani akwai maganar da ake yi wa mata a Japan, ana kwatanta su da kek ɗin Kirsimeti: ranar 24 ga wata ana rububinsa, ranar 25 a saya da ragi, daga 26 kuwa babu mai so. Shekarun mace ake nufi. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan, domin mu ma da kalmar kasuwa muke faɗa, mu ce yarinya ta yi kwantai. A 1995 matsakaicin shekarun auren fari ga mace a Japan ya ɗan haura 26, yau ya kusa 30. Dokar daidaita damar aiki tsakanin maza da mata ta fara aiki a 1986, amma har lokacin mafi yawan 'yan matan ofis an ɗauke su ne don dafa shayi da buga takardu, da tsammanin za su ajiye aiki ranar da aka sa musu rana. To ga mace 'yar 31, wadda sana'arta ma ta dogara da ƙuruciya, an bar ta da kayan amarci a jiki. A ma'aunin zamaninta ta gama yawo. Abin da Kitagawa ta yi shi ne ta hana ta zama abin tausayi. Minami mai surutu ce, mai shisshigi, tana dariya da ƙarfi, tana shan giya ta yi ɓarin zance, tana shiga abin da ba ruwanta. In kuka ya zo mata takan juya baya ko ta maida shi wasa. Yamaguchi Tomoko, wadda ita ma 31 take a lokacin, ta taka rawar ta yadda kana ganin ciwon a ƙarƙashin hayaniyar ba tare da an nuna maka shi da yatsa ba. Miliyoyin matan da ke gida ranar Litinin da tara sun ga wata irinsu a tsakiyar labari, ba a gefe tana ba amarya shawara ba.

Akwai abin da mai kallo Bahaushe zai yi turus a kansa, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Minami ta tare a ɗakin da angonta ya bari, wato ita da Sena suna zaune gida ɗaya ba aure. Addininmu da al'adarmu ba su yarda da wannan ba, kuma ban zo in wanke shi ba. Amma yana da kyau a san daga ina marubuciyar ta ɗauko shi. Kama haya a Tokyo ba wasa ba ne: bayan kuɗin wata akwai kuɗin ajiya da ake kira shikikin, akwai reikin, kuɗin godiya ga mai gida wanda ba a dawowa da shi, akwai ladan dillali, sannan sai ka kawo wanda zai tsaya maka. Kafin a ba ka mabuɗi ka kashe hayar wata huɗu ko biyar. Macen da ba ta da tsayayyen albashi, kuma kunya ta hana ta komawa gidan iyaye, hanyoyinta ba su da yawa. Shi ma Sena abokin raba haya ya gudu ya bar shi. Talauci ne ya haɗa su, kuma tsawon makonni zaman nasu ya fi kama da na yaya da ƙani. Ita ce ma ke tura shi wajen Ryoko, tana koya masa yadda ake magana da mace. A Japan ɗin ma a 1996 irin wannan zama ba abin da aka saba gani ba ne, shi ya sa ya zama abin labari.

Sunan wasan ya fito ne daga wata hira a farkon shirin. Minami ta karaya, tana lissafin abubuwan da suka lalace mata. Sai Sena ya ce mata me zai hana ta ɗauki wannan lokaci a matsayin dogon hutu. Ma'anar maganarsa ita ce akwai lokacin da duk abin da mutum ya taɓa ba ya yi, to a irin wannan lokaci ya ɗauka hutu ne aka ba shi daga sama, kada ya tilasta wa kansa gudu, kada ya yi gaggawa, kada ya matsa wa kansa, ya bar abubuwa su bi hanyarsu. Ta tambaye shi, sannan fa? Ya ce abubuwa za su gyaru. Ta ce da gaske? Ya ce wataƙila.

A kunnenmu wannan ba baƙon zance ba ne. Mun taso muna jin cewa wani jinkirin alheri ne, kuma komai yana da lokacinsa. Sai dai a kula, kalmar kamisama, wato abin bauta, da Sena ya yi amfani da ita wajen faɗin wanda ya ba da hutun, ba ta ɗauke da nauyin da sunan Allah ke da shi a bakin Musulmi. A maganar yau da kullum ta Japan takan zo ne a sake, kusa da yadda mutum zai ce ƙaddara ko sa'a. Ba wa'azin tawakkali yake yi ba. Nauyin maganar yana wani wuri ne, a cikin kalmar da ya soke. Akwai kalma a harshen Japan, ganbaru, wadda ke nufin dagewa, cije haƙori, ƙin sakewa. Da ita ake sallamar yaro in zai tafi jarrabawa, da ita ake ƙarfafa ɗan wasa da maras lafiya da wanda gidansa ya rushe. Bayan girgizar Kobe taken da garin ya ɗauka ke nan, har ƙungiyar wasan baseball ta garin ta ɗinka shi a hannun rigarta. Ƙasar ta tashi daga tokar Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 da wannan kalma, ta kuma biya farashinta, domin a shekarun 1980 ne kalmar karoshi, mutuwa saboda yawan aiki, ta shiga bakin jama'a. A cikin wannan al'umma ne saurayin da ya fi kowane tashe a ƙasar ya zauna gaban kusan kashi uku cikin goma na gidajen Tokyo ya ce kada a dage. Ga wanda ya aika takardar neman aiki wurare da dama ba amsa, kuma kowa na gaya masa bai dage ba ne, wannan kalami sauke masa kaya ya yi. Ya raba rashin nasara da laifi.

Amma ni "wataƙila" ɗin nan ce ta fi tsaya min a rai. Da marubuciyar ta so, da ta sa shi ya ce tabbas, kiɗa ya tashi, a yanke. Ba ta yi ba, saboda wanda ke maganar shi ma a cikin ramin yake, bai san ko zai fita ba. Ba wani dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau ke ba da haƙuri ba, yaro ne ɗan 24 da ke lallashin kansa da babbar murya. Daga baya ma shi ne ya kasa riƙe nasa maganin: ya yanke shawarar barin fiyano gaba ɗaya ya nemi aikin albashi irin na kowa. A nan abin ya juya. Minami, wadda ba ta iya kiɗa ba, ta je ta koyi wani ɗan sauti nasa da ƙyar, ta zauna ta kaɗa masa shi da yatsu masu tuntuɓe, ta roƙe shi kada ya bari. Wanda ya ce mata ta huta, ita ce ta ce masa hutun ya isa. Wasan bai taɓa cewa tsayawa ita ce mafita ba. Abin da ya nuna shi ne mutum ba ya iya gane wa kansa yaushe ne lokacin zama, yaushe ne na tashi, sai wani na kusa da ke ganinsa daga waje.

Hoton da masu kallo suka fi riƙewa ma ƙarami ne ƙwarai. Wata 'yar ƙwallon roba ce mai tsalle, suka jefa ta ƙasa daga tagar hawa na uku, ta daki kwalta ta dawo har hannu. Mu mukan ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Su kuma a wannan dare abin da suke son gani shi ne ko abin da ya faɗi yana iya dawowa. Murnar da suka yi, ta manya biyu da ba su da komai, ita ce farkon shaƙuwarsu. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ne aikin Kitagawa: hira a saman rufi, tsayuwa a bakin kogin Sumida, wayar gida da ke ƙara ba a san wa zai ɗauka ba, domin lokacin wayar hannu ba ta gama gari ba. Tsarin talabijin na Japan ya taimaka mata. Shekara an raba ta zango huɗu, kowane wasa wata uku ne, kashi goma zuwa sha biyu, a rufe. Babu damar a ja labari shekara da shekaru, don haka babu buƙatar ƙirƙiro mugu ko makirci don cike lokaci. A Long Vacation babu mugu ko ɗaya in ka cire angon da ba a ma ganinsa. Ryoko ta karkata ga Shinji, ƙanin Minami, ba don cin amana ba, zuciyarta ce ta tafi can. Sugisaki, mai ɗaukar hoton da ya ba Minami aiki kuma ya nemi aurenta, mutumin kirki ne mai abin hannunsa, kuma kowane mai hankali zai ce ta amsa. Wannan ya sa zaɓinta ya yi nauyi, tunda ba tsakanin nagari da mugu take zaɓe ba.

Shi kansa Sena sabon irin namiji ne a wannan fili. Ba ya ba da umarni, ba ya da mota mai tsada, yakan yi shiru inda ake jiran ya yi magana, mace ta girme shi da shekara bakwai kuma ita ke jan ragamar hira. Wannan ne karon farko da Kimura ya ja wasa mai dogon zango a matsayin babban jarumi, yana ɗan 23, kuma daga nan ya shafe fiye da shekara goma yana kan gaba a talabijin ɗin Japan. Waƙar buɗe shirin, wadda Kubota Toshinobu ya rera tare da Naomi Campbell, ta sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Wasan ya tsallaka zuwa Taiwan da Hong Kong, inda matasa ke neman wasannin Japan a faifan bidiyo, shekaru kafin guguwar wasannin Koriya ta taso.

Inda nake da ja da wasan shi ne ƙarshensa. Sena ya koma fiyano, ya shiga gasa, ya kaɗa kamar bai taɓa kaɗawa ba, ya ci, nasarar ta buɗe masa hanyar Boston a Amurka. Ya ce wa Minami ta zo su tafi tare. Aka rufe da su biyu suna gudu cikin kayan aure, amsa ga gudun da aka buɗe da shi. Yana da daɗin kallo, ni ma na ji daɗinsa. Amma duba abin da aka yi. Wasan da ya shafe makonni yana cewa darajar mutum ba ta rataya ga nasara ba, ya ƙare da ba jaruminsa kofi. "Wataƙila" ta koma "tabbas". Kuma hanyar da aka fitar da shi ba ta kowa ba ce, gasa mutum ɗaya ke cin ta. Sauran da suka hau dandamalin a ranar, waɗanda su ma sun yi shekaru suna atisaye, ba a bi su gida ba. Hutun Sena ya zama hutu ne saboda ya ƙare. Wanda nasa bai ƙare ba, sunansa zaman kashe wando, ko da kuwa shi bai zaɓa ba.

Sai kuma Minami. Ta fara gano wani abu nata a bayan kyamara, bayan shekaru tana gabanta, kuma wannan zare ne da ya cancanci a bi shi har ƙarshe. Amma da aka zo rufewa, burin Sena ne ya samu jirgi, ita ta samu kujera a gefensa. Macen da aka gabatar mana a matsayin shaida cewa rayuwa ba ta ƙare don aure ya fasa, an warware matsalarta da wani auren. Ba na cewa aure faɗuwa ne, ko kusa. Cewa nake yi wasan ya yi tambaya babba game da mace 'yar 31 da abin da za ta zama, ya ba da amsar da wasannin da suka gabace shi za su bayar. Wataƙila iyakar abin da ƙarfe taran Litinin za ta iya ɗauka ke nan a 1996. Abin lura, ita Yamaguchi Tomoko bayan wannan gagarumar nasara ta janye daga jan wasanni masu dogon zango, ba ta dawo irin wannan matsayi ba sai 2012.

Su kuwa masu kallon, ƙanƙarar ba ta narke musu da wuri ba. A watan Nuwamban 1997, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan kashin ƙarshe, bankin Hokkaido Takushoku da kamfanin hannun jari na Yamaichi suka durƙushe, shugaban Yamaichi ya fashe da kuka a gaban 'yan jarida yana cewa laifin shugabanni ne, ma'aikata ba su da laifi. Ɗaukar aiki ya ƙara tsukewa. Da tattalin arziki ya ɗan farfaɗo a tsakiyar shekarun 2000, kamfanoni suka koma ga al'adarsu, suka ɗauki sababbin 'yan makaranta, suka tsallake waɗanda suka yi shekara goma suna jira. Da yawa daga cikinsu sun shiga shekara arba'in suna aikin kwantiragi, albashi kaɗan, fansho kaɗan, wasu ba su yi aure ba domin ba su ga da me za su riƙe gida ba. Wasu sun kulle kansu a ɗaki, har aka samu abin da ake kira matsalar 8050: iyaye 'yan tamanin na ciyar da 'ya'ya 'yan hamsin. Sai a 2019 gwamnatin Abe Shinzo ta fito da shiri na musamman domin wannan rukuni, da burin mutum 300,000 su samu aikin dindindin cikin shekara uku.

A wannan shekarar ce birnin Takarazuka da ke lardin Hyogo, ba nisa da Kobe, ya tallata guraben aikin gwamnati guda uku, ya keɓe su ga 'yan zamanin ƙanƙara kawai, masu shekara 36 zuwa 45. Mutum fiye da 1,800 suka nema. Hukumar birnin ta ƙara gurbi ɗaya, ta ɗauki huɗu. In ka ja lissafi baya, a daren da Sena ya ce wa Minami ta ɗauka hutu ne, waɗannan masu neman suna tsakanin shekara 13 da 22, wasu na sakandare, wasu na shirin sa baƙar kwat su fara zagayen kamfanoni.